Abin Da Ke Hana Kwamfuta Karɓar Sabuntawa

A watan Nuwamba na 2021, Linus Sebastian, ɗan ƙasar Kanada mai tashar Linus Tech Tips a YouTube, ya saki wani bidiyo da ya girgiza masu amfani da Linux. Ya sa wa kwamfutarsa babbar manhajar Linux mai suna Pop!_OS, sannan ya nemi ɗora Steam, manhajar wasanni. Ta ƙi hawa. Da ya matsa, sai allon ya cika da gargaɗi cewa za a goge wasu fakitoci masu muhimmanci, kuma aikin ba zai ci gaba ba sai ya rubuta da hannunsa cewa ya amince. Ya rubuta. Nan take fuskar kwamfutar ta ɓace, ya rage baƙin allo mai jiran a buga umarni.

Kuskuren na farko daga masu shirya fakitocin ne, kuma sun gyara. Amma ya fito da matsalar da duk mai Ubuntu, Debian ko Linux Mint zai iya cin karo da ita wata rana.

A kan waɗannan manyan manhajoji, ba kowace ƙaramar manhaja ce ke zuwa da kayan aikinta cikakku ba. Mai kunna bidiyo na dogara da wani fakiti don fitar da sauti, wani don tsare bayanai, kuma manhajoji da dama ne ke amfani da fakitin guda. Kamar gidan haya ne mai rijiya ɗaya: idan mai gida ya toshe ta ya haƙa sabuwa a wani lungu, duk wanda bai ji labari ba zai tsaya da gugansa a tsohon wurin. Mai lura da wannan lissafi a dangin Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, shi ne APT. Kafin ya ɗora komai, sai ya duba me ake buƙata, wane zubi ne, kuma ko akwai shi a rumbun da ake saukowa daga ciki. Idan ya rasa ko da guda ne, sai ya tsaya ya kawo ƙorafi. Tsayawar nan kariya ce, kuma sunan fakitin da ya ɓata yana cikin saƙon da yawancin mutane ke tsallakewa ba su karanta ba.

Sau da yawa fakitin bai ɓata ba, suna ya canja. Ubuntu 22.04 ta koma OpenSSL 3.0, don haka tsofaffin manhajojin da ke neman libssl1.1 suka rasa shi. A Ubuntu 24.04 kuma aka sake wa fakitoci da dama suna, libasound2 ya zama libasound2t64. Dalilin yana da ban sha'awa: tsohon tsarin ƙidayar lokaci, wanda ke lissafa daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, shi ya sa masana suka fara faɗaɗa shi tun yanzu. Manhajar da aka sauko da ita daga shafin wani kamfani, ba daga rumbun hukuma ba, tana iya ci gaba da kiran tsohon suna. Maganinta sabon zubi daga mai ita. Masu ba da shawarar a kwaso tsohon fakiti daga intanet a cusa shi da ƙarfi suna jawo wa mutane wahala, domin fakitin da aka daina yi wa gyaran tsaro ƙofa ce a buɗe.

Wani babban sanadi shi ne haɗa rumbuna. Mutum ya ƙara rumbun wani mai zaman kansa, irin wanda Ubuntu ke kira PPA, shekara biyu baya, ya manta. Ranar hawa sabon zubi sai fakitocin wancan rumbun su yi karo da na hukuma. Umarnin apt policy tare da sunan fakitin yana nuna daga inda kowane zubi ya fito, kuma da zarar an gano baƙon rumbun aka cire shi, yawanci hanya ta buɗe. Akwai kuma zubin da wa'adinsa ya ƙare. Ubuntu na fitar da sabo duk Afrilu da Oktoba, ƙananan na samun kulawar wata 9 kacal, manyan da ke fitowa bayan shekara biyu-biyu kuma shekara 5. Idan wa'adi ya wuce, ana kwashe rumbun zuwa wata ma'ajiya, kwamfuta ta yi ta ƙwanƙwasa gidan da aka tashi.

A wurarenmu akwai ƙarin cikas da ba safai littattafan koyarwa ke damuwa da shi ba: wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar aiki, fakiti ya hau rabi. Wannan ya fi sauƙin gyara. Umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari a rataye, sannan sudo apt update ya sabunta jerin, sudo apt --fix-broken install kuma ya cike gurbin da ya rage. Mai laftof ya cika batir kafin ya fara, mai kwamfutar tebur ya jira lokacin da janareto ko sola ke aiki.

Wani lokaci ma babu matsala. Ubuntu na raba wasu sabuntawa kaɗan-kaɗan, don idan akwai illa a gano ta kafin ta kai ga kowa, saboda haka fakitin da aka ce an riƙe shi kan sauko da kansa bayan 'yan kwanaki.

Duk lokacin da APT ya tambaya ko a ci gaba, kafin a amsa da "eh", a duba jerin abin da za a cire. Ƙara -s a umarnin apt yana gwada aikin ba tare da taɓa komai ba. Idan aka ga sunan fuskar kwamfuta, kamar ubuntu-desktop ko gdm3, cikin waɗanda za a goge, a dakata, a kwafe muhimman fayiloli zuwa filashi, sannan a koma neman rumbun da ya jawo karon.