Yadda ake cire kakin kyandir daga kujerar kushin ba tare da ɓata yadi ba

A gidajen da ake kunna kyandir idan an ɗauke wutar lantarki, ba wuya kaki ya ɗiga a kan kujerar falo. Sau da yawa gaggawar gogewa ce ke lalata yadin, domin tsumma yana tura narkakken kaki cikin zare, tabon ya ƙara faɗi.

Galibin kyandir ana yin sa ne da farafin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur. Shi ya sa ruwa ba ya wanke shi. Amma yana daskarewa da sanyi, yana kuma narkewa a zafin da bai kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas ba. Da waɗannan halaye biyu ake maganinsa.

Da farko a bar kakin ya bushe. A sa ƙanƙara cikin leda a ɗora a kai na 'yan mintuna har ya yi tauri, sannan a kankare shi a hankali da gefen cokali. Wuƙa mai kaifi tana yanke zare.

Abin da ya shige cikin yadi kuma zafi ne ke fito da shi. A shimfiɗa farar takarda ko ruwan ƙasa marar rubutu a kan wurin, a danna dutsen guga mai ɗan ɗumi, ba tare da tururi ba. Takardar za ta tsotse kakin. A riƙa canza ta har ta daina nuna maiƙo. Kada a yi amfani da jarida, domin tawadarta na iya sauka a kan kujera.

Idan kyandir mai launi ne, rini na iya saura. A jiƙa auduga da sifirit a riƙa dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya, bayan an gwada a bayan kujera an ga launin yadin bai zuba ba. A buɗe taga, a nisanci wuta, domin sifirit yana kamawa. Kananzir kuwa tabo da wari yake bari.

Karammiski, fata da yadin roba ba sa jure dutsen guga. Ga kujerar fata, bayan kankarewa ana ɗumama ragowar da na'urar busar da gashi daga nesa, a goge da tsumma mai laushi. Karammiski mai tsada kuwa, gara a kira mai aikin kushin, domin kuɗin aikinsa bai kai na sake wa kujera yadi ba.