Daga Kano Zuwa Maiduguri: Ta Sama Da Ta Ƙasa

In ka tambayi direban mota nisan Kano da Maiduguri, zai ce maka ya haura kilomita 550. In ka tambayi matuƙin jirgin sama, sai ya ce kamar 500 ne. Kada ka zaci ɗayansu ya yi maka ƙarya. Kowa hanyar da ya ke bi ya auna. In kuwa da mil ka saba, to, kilomita 8 su ne mil 5.

Ga dalilin bambancin. Mota ba ta da iko ta miƙe sosai. Tilas ta nemi gada a Wudil, ta ratsa Azare, da Potiskum, da Damaturu, domin an yi hanya ne saboda garuruwa da kasuwanni. Shi kuwa jirgi, da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano sai ya sa gabas gaba, ba ruwansa da kogi ko dutse, kamar shirwa. Ɗauki zare ka miƙe shi bisa taswira daga wannan fili zuwa wancan, ka ga hanyar jirgi. Sa'an nan ka bi da shi kan zanen hanya, za ka ga ya kasa kaiwa.

Wannan hanya ta sama tsohuwa ce. A 1925 jirage 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Maiduguri, suka sauka Kano. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta nan daga Hartum.

Amma babban bambanci a lokaci ya ke. Babban jirgi ya kan ci kilomita 800 a sa'a guda, saboda haka tafiyar kamar sa'a guda ce, har da tashi da sauka. Motar da ke cin kilomita 80 a sa'a kuwa sai ta yi sa'a 7, ban da tsayawar salla da shan mai.

To, ga abin lura, musamman ga mai kai majiyyaci asibiti. Kafin ka biya kuɗi, tambaya ko jirgin kai tsaye zai tafi. In sai ya biya ta Abuja, tafiyar ta haura kilomita 1,000, watau ta fi ta mota nisa nesa ba kusa ba, ga kuma zaman jiran wani jirgi. Ka haɗa da lokacin zuwa fili, da awon kaya, da shiga gari bayan an sauka. Sai ka tara duka, ka gwada da sa'o'in mota da kuɗinta, kana ka zaɓa.