Zumuntar Waya Da Neman Abokin Ciniki

A zamanin nan da wuya ka shiga ƙauye ba ka ga mai babbar waya ba. A cikin wayar akwai wuraren hira da ake kira kafofin sada zumunta. Waɗanda aka fi sani a ƙasarmu su ne Facebook da WhatsApp da TikTok da Instagram. A can mutane suke gaisawa, su aika hoton biki, su sanar da haihuwa ko rasuwa, su yi gardama a kan ƙwallo da siyasa. To, manoma da masu sana'a da yawa suna so su sani, wannan wurin hira ana iya samun abokin ciniki na ƙwarai a cikinsa, ko kuwa ɓarnar kuɗin data ce kawai? Tambayar tana da kyau, gama data ba kyauta ba ce. Bari mu duba.

Da fari sai mu san ba don ciniki aka kafa su ba. Facebook wani ɗalibi ne mai suna Mark Zuckerberg ya fara shi tare da abokansa a 2004, a jami'ar Harvard ta Amurka, don ɗalibai su san juna. WhatsApp kuwa a 2009 aka yi shi, don aika saƙo. Akwai wata kafa dabam da aka yi musamman saboda ma'aikata da kamfanoni, sunanta LinkedIn, ta fara aiki a 2003. A can mutum yakan rubuta ilminsa da ayyukan da ya taɓa yi, masu neman ma'aikata su duba. Amma ma'aikatan ofis suka fi yawa a cikinta, kuma a ƙasarmu da Turanci ake yawancin maganar. Mai awon hatsi a Dawanau, da wuya ka same shi can. Mai sayen tumatir a kasuwar Mil 12 ta Legas ma haka. Su suna WhatsApp da Facebook. Saboda haka mu mutanen karkara, in za mu nemi abokin ciniki ta waya, sai mu bi shi inda yake zaune.

Ga wani abu da masana suka gano. A 1973 wani malamin jami'a a Amurka, Mark Granovetter, ya bayyana binciken da ya yi. Ya bi mutanen da suka sami sabon aiki ta hannun wani, yana tambayarsu ko sun saba haɗuwa da wanda ya ba su labarin aikin. Waɗanda suka ce suna haɗuwa a kai a kai ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran duka jefi-jefi suke ganin mutumin, watau abin da muke kira sanin shanu.

Me ya kawo haka? Ku duba amininku wanda kuke hira kullum a ƙofar gida. Kasuwarku ɗaya, masallacinku ɗaya, abin da kuka ji shi ma shi ya ji. Yana ƙaunarku, amma ba shi da sabon labari. Ɗan garinku da ya koma Fatakwal shekara goma ke nan kuwa, ko direban da kuka taɓa hawa motarsa zuwa Maraɗi, suna jin abin da ba ya isowa garinku. A 2022 aka bayyana wani gwaji da aka yi a LinkedIn da mutane wajen miliyan 20. Nan ma aka ga sanin shanu ya fi aminci kawo labarin aiki, muddin sanin bai yi nisa ƙwarai ba.

To, a nan amfanin kafofin zumunta yake. Dā in mutum ya bar gari, shi ke nan, sai in an gamu a wurin biki ko ta'aziyya. Yanzu sunansa yana cikin wayarka. Kana ganin inda yake da abin da yake yi, shi ma yana ganin naka. Ran da ka sa hoton buhunan waken da ka casa, mai yiwuwa shi ne zai ce ya san mai saye.

Akwai kuma sanin farashi. Tsakanin 2001 da 2006 wayar hannu ta bazu a kasuwannin Nijar. Wata masaniya mai suna Jenny Aker ta bi farashin hatsi a lokacin, ta ga bambancin da ke tsakanin wannan kasuwa da waccan ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili shi ne ɗan kasuwa yakan buga waya ya ji inda kaya suke tsada kafin ya ɗaura tafiya. Wancan da kira kaɗai aka yi shi. Yanzu rukuni ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024. Masu tumatir su yi nasu, masu awaki su yi nasu, kowa ya faɗi yadda kasuwa ta ci a garinsu. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna sai ya danna ya yi magana, muryarsa ta tafi. Mace mai ɗinkin hula ko mai ƙuli-ƙuli tana cikin ɗakinta za ta nuna kayanta ga matan wani gari.

Amma ku lura, jama'a. Sanin mutum dabam, ba shi amana dabam. Kakanninmu sun san wannan tun ba a yi waya ba. Fatake sukan yi wata da watanni a hanyar Gwanja neman goro, ba su kuwa sauka hannun wanda suka ga dama. Kowa yana da mai gidansa, wanda wasu ke kira fatoma. Haka kuma cinikin shanu a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda fatakenmu ke kira Badun. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinsu, ya rubuta yadda abin yake a 1969. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci. Dillalan mai gida su sayar wa mahauta shanun bashi, gama sun san kowane mahauci, sun san mai biya da mai taurin bashi. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya falke. Ba ya yarda sunansa ya ɓaci, don in ya ɓaci baƙi sun daina sauka gidansa. Da ɗan gari akan ci gari.

A Facebook fa, wa zai biya ka? Babu mai gida a can, babu sarkin kasuwa da za ka kai wa ƙara. Facebook yana barin mutum ya tara abokai har 5,000. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam yake iya riƙe hulɗa da su sosai wajen 150 ne. Sauran sunaye ne da hotuna. Hoton ma ana ara, sunan kuma ana canzawa cikin minti ɗaya.

Macuta sun san haka. Wani zai sa hoton taki mai araha, ya ce a tura rabin kuɗi kafin mota ta taso. Ana turawa sai ya rufe waya. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Wani zai karɓi kayanka ya nuna maka saƙon banki a wayarsa, alhali saƙon na ƙarya ne. Kada ka saki kaya sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗi sun shiga. Wani kuma zai kira ka da murya mai daɗi, ya ce an turo maka wata lamba mai alƙaluma shida, ka karanta masa don a sa ka cikin wani taro ko wani tallafi. Lambar nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa masa ya ƙwace shi, ya shiga roƙon abokan cinikinka kuɗi da sunanka. Ba a gaya wa kowa wannan lamba, ko da ya ce shi ɗan'uwanka ne.

To, yaya za a yi? Sai a haɗa sabuwar hanya da tsohuwa. A ce kai manomin tumatir ne a Kadawa, wani ya yi maka magana a Facebook daga Legas yana son kwando hamsin. Madalla, waya ta yi nata aikin, ta haɗa ku. Yanzu saura naka. Tambaye shi layin da rumfarsa take, da sunan shugabansu a kasuwa. Nemi ɗan garinku da ke can, ko direban da ke kai kaya, ya je ya gan shi da ido. In ya ƙi a gan shi, ka sami amsa. In ya yarda, ku fara da kwando biyar. Ya biya, ka ƙara. Ku rubuta adadi da farashi da ranar biya a cikin saƙo, gama abin da aka rubuta ba ya musu. La'adar da za ka ba wanda ya tsaya maka ba asara ba ce, ta fi kwando hamsin sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani abu kuma da mutane kan manta. Wurin hira da wurin ciniki a nan ɗaya ne. Wanda yake so ya ba ka kaya bashi zai duba shafinka tukuna. In ya tarar kullum kana zage-zage, ko kana yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, zai ja da baya ba tare da ya gaya maka dalili ba. Shi ya sa masu sana'a da yawa suke ware lambar ciniki dabam. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda aka yi don ƙananan 'yan kasuwa. A ciki mutum yakan sa sunan sana'arsa, da inda yake, da hotunan kayansa.

Kada kuma mu manta rumfar nan ta aro ce. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik a duniya duka, wajen awa shida. A Nijeriya an rufe Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yuni 2021 har Janairu 2022. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a Jihar Zamfara makonni da yawa saboda 'yan bindiga. Wanda bai san abokan cinikinsa ba sai a cikin waya, a irin waɗannan ranaku ba shi da kowa. Saboda haka kowane mai sana'a ya sami ɗan littafi. Ya rubuta sunan abokin ciniki, da lambarsa, da garinsa, da layin rumfarsa, da sunan wanda ya haɗa su. Ya ajiye littafin a gida inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba.