Manhajojin Koyon Tasarifin Ibrananci da Darasinsu ga Ɗalibin Hausa

Ɗalibin da ya tashi a Gure, gabas da Damagaram, cikin Hausa da Kanurin Manga, ya kuma zauna gaban malami a zaure yana karanta sarfu, yana iya ɗaukar Ibrananci baƙon harshe. Amma tun 1950 Joseph Greenberg ya sanya Hausa da sauran harsunan Cadi cikin dangi guda da Larabci da Ibrananci, wato Afro-Asiya. Kanuri kuwa dangin Nilo-Sahara ne. Saboda haka Hausarsa da Larabcinsa su ne tsanin da zai taka.

Kalmar Ibrananci takan ginu a kan saiwa mai baƙaƙe uku, a zuba ta cikin ma'auni na wasula da ɗafi. Daga saiwar k-t-b, wadda ta haifi “kataba” a Larabci, ake samun “katav” (ya rubuta), “nikhtav” (an rubuta shi), “hikhtiv” (ya yi shifta) da “mikhtav” (wasiƙa). Ma'aunan aikatau bakwai ne, ana kiran su “binyanim”, wato gine-gine. Suna ma yana sauya kama: “sefer” (littafi) jam'insa “sfarim”, “bayit” (gida) kuma yakan koma “beit” a mallaka, kamar a “beit sefer”, gidan littafi, wato makaranta.

Wahalar tana wuri biyu. Na farko, rubutun yau da kullum ba ya nuna mafi yawan wasula. Na biyu, wasu baƙaƙen saiwa sukan ɓace: “nafal” (ya faɗi) yana zama “yipol” (zai faɗi). Wanda ya ci karo da “yipol” bai san a ƙarƙashin harafin “n” zai neme ta a ƙamus ba. Nan ne manhajoji suke da rana. Pealim tana karɓar kalma a sigar da aka same ta, ta fito da saiwa da ma'auni da cikakken jadawali mai wasula. Hukumar Harshen Ibrananci, wadda aka kafa a 1953, ita ma ta ɗora jadawalan aikatau da na suna a intanet. Anki kuwa ta bita ce: tana yawaita dawo wa ɗalibi da sigar da yake mantawa, ta jinkirta wadda ya riƙe, kuma tana aiki ko babu intanet, abin da ke da muhimmanci inda layi ke yankewa.

Sai dai jadawali amsa yake bayarwa, dalilin yana wurin mai nazari. Wanda ya san illar wawu da ya'u a sarfu zai gane ɓacewar baƙi nan da nan, domin abu ne da malamai irin su Abdullahi ɗan Fodiyo suka tsara a waƙe, a cikin Hisnur Rasin. Bahaushe kuma zai lura da ɗafa-goshin “ma-”: mabuɗi daga buɗe, “miftah” a Larabci, “mafteah” a Ibrananci.

Babban darasin ya shafi Hausa kanta. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa rukuni bakwai, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti: saya, saye, sayar, sayo, sayu. Jam'i irin gulbi da gulabe, ko birni da birane, yana cusa wasali cikin saiwa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kamar yadda na Ibrananci ke barin wasula. Manhajar da za a ba ta “gulabe” ta mayar da “gulbi”, ta nuna kari da jinsi, tana buƙatar kalmomin da aka tantance ɗaya bayan ɗaya, har da bambancin Damagaranci da Kananci. Wannan aiki ne na masana harshe kafin ya kai hannun masana kwamfuta, kuma ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram suna zaune a tsakiyar masu harshen da za a tattaro kalmomin daga bakinsu.