Arthur Ashe: Gwanin Tanis Kuma Uban Camera

Duk shekara idan aka zo wasan ƙarshe na gasar US Open a birnin New York, a filin Arthur Ashe ake buga shi. Mutumin da filin ya ci sunansa an haife shi ne a 1943 a Richmond, jihar Virginia ta Amurka, a zamanin da ba a yarda yaro baƙar fata ya kara da farare a filayen garin ba.

Yana da shekara shida mahaifiyarsa ta rasu. Mahaifinsa mai kula da wani filin wasanni ne na baƙaƙen fata, kuma gidansu a cikin filin yake, ga wurin buga tanis a bakin ƙofa. Uban mutum ne mai tsanani, ba ya barin yawo. Daga baya yaron ya shiga hannun wani likita, Dakta Robert Walter Johnson, wanda ya horar da 'yar wasan tanis Althea Gibson. Dokar likitan ga yaransa ita ce: idan ƙwallo ta faɗi dab da layi, a bar wa abokin karawa, kuma ko an zalunce ka kada ka ɗaga murya. Ya san cewa ana neman dalili ne kawai a kore su daga gasa. Wannan haƙurin dole shi ya zama halin Ashe har ƙarshen rayuwarsa.

A 1968 ya ci US Open yana laftanar a rundunar sojan Amurka. Da yake bai zama ɗan wasan kuɗi ba tukuna, bai karɓi dala 14,000 na wanda ya yi na ɗaya ba. Akwai wani abu a bayan wannan nasara da ya kamata a riƙa faɗa. Ƙanensa Johnnie, da ya gama wa'adinsa a yaƙin Vietnam, sai ya nemi a sake mayar da shi, don kada a tura yayansa. Ashe ya ƙara da Australian Open a 1970, sannan Wimbledon a 1975, inda ya kayar da Jimmy Connors da dabara, yana aika masa ƙwallo a hankali kuma ƙasa-ƙasa har ya rikita shi. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya ci Wimbledon.

Afirka ba baƙuwarsa ba ce. A 1971 a Kamaru ya ga wani yaro mai shekara 11, Yannick Noah, ya sa baki aka kai shi Faransa horo, kuma yaron ya ci French Open a 1983. A Fabrairun 1976 yana Legas aka kashe Janar Murtala Muhammed, kuma kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka shigo fili yana tsakiyar wasa suka fitar da shi da bakin bindiga. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuwa ta sha hana shi biza, sai a 1973 ya samu shiga.

Ya auri Jeanne Moutoussamy, mai ɗaukar hoto, a 1977. A 1986 suka ɗauki riƙon jaririya suka sa mata suna Camera. A lokacin ciwon zuciya ya riga ya raba shi da wasa, an yi masa tiyata a 1979 da kuma 1983. Likitoci sun yi imanin cewa a ƙarin jinin tiyata ta biyu ya ɗauki ƙwayar cutar ƙanjamau, abin da bai sani ba sai 1988.

Shi da matarsa suka riƙe sirrin, babban dalilinsu kuwa yarinyar ce, domin a wancan zamani ana gudun mai wannan cuta har da 'ya'yansa. A Afrilun 1992 jaridar USA Today ta samu labarin, dole ya fito ya faɗa da bakinsa. A ganina an shiga haƙƙinsa, don uba ne ya kamata ya zaɓi ranar da 'yarsa za ta ji irin wannan magana. Duk da haka bai ɓuya ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma rufe littafinsa na ƙarshe, Days of Grace, da wasiƙa zuwa ga Camera.

Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49. Camera tana da shekara shida, daidai shekarun da yake da su lokacin da ya rasa mahaifiyarsa.