Shamuwa, Baƙuwar da Ba Ta Wuce Damina

A ƙasar Makarfi, idan zafin bazara ya kai maƙura wajen ƙarshen Afrilu, manomi yakan yawaita ɗaga kai sama. Hadari yake nema, amma kafin hadari yana duban ko shamuwa ta iso. Ranar da aka ga ayarinta na shawagi bisa rimi da tsamiya a Gubuchi ko Gazara, mai garma zai kai ta maƙera, mai iri ya sauko da shi daga rumbu.

Tsuntsuwa ce mai sauƙin ganewa. Baya da wuya da fukafukai baƙi ne mai sheƙi, ciki fari fat, ƙafafu dogaye masu ruwan toka, sai gwiwa da yatsu ja. A lokacin ƙwai fatar fuskarta kan yi shuɗi, da ɗan ja a gaban ido. Tsayinta wajen santimita 75 ne, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai, don haka ita ce ƙarama a duk danginta. Masanan Turai sun rubuta ta a littattafansu a 1823, suka laƙaba mata sunan Abdim, wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Bahaushe kuwa ya riga su saninta da daɗewa, domin a tsakar gidansa take kwana.

Abin mamakin ke nan game da ita. Yawancin manyan tsuntsaye gudun mutum suke yi, ita ko cikin gari take nema. Takan tara ƙirare da ciyawa, har da tsumman da ta tsinta, ta gina sheƙa a bishiyar da ke kan jama'a, sau da yawa tare da 'yan'uwanta da balbela. Ƙwai biyu ko uku take yi, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci kimanin wata ɗaya, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a kanta maganar ta cika: ita ake cewa ta kawo damina, ita ce kuma ke kwance kan ƙwai ruwan Yuni na dukanta.

Ba a cin ta, ba a jifan ta. Yaron da ya auna ta da danƙo, tun kafin labari ya kai gida wani dattijon unguwa ya riga ya ja masa kunne. Tsofaffi na ganin gidan da ta zaɓa ya yi sa'a. Hanin yana da tushe a gona, domin fara da tsutsa su ne babban abincinta, sai kwaɗi da ɓeraye idan ta samu. A yankin da ke rayuwa kan dawa da masara da rake da tumatir, ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada.

Kiristocin Hausawa na Gubuchi da Ikara da Kudan, waɗanda karatu ko aiki ya kai su Kaduna, Abuja ko Legas, da wuya su yi hirar ƙuruciya ba ta shigo ciki ba. Sukan tuna ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da bin iyaye gona ana jefa iri, da makarantar Lahadi a gindin bishiya, malami na ba da labarin Nuhu, shamuwa na ƙwanƙwasa baki a sama. Ba ta da wata murya ta kirki, sai ɗan fito da wannan kaɗa baki, amma wanda ya tashi da shi ba ya manta shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan bege ba abin kunya ba ne. Mutum yana tuna inda aka fara koya masa addu'a da harshen uwarsa, kuma godiya ce ta kamace shi.

Sai dai shamuwa ba ta zama. Da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, sai a wayi gari sheƙa ba kowa. Yara kan tambayi inda ta tafi, kuma sai a wannan zamani aka sami cikakkiyar amsa. Masu bincike sun maƙala wa wasu na'urar bin sawu a Jamhuriyar Nijar, suka ga sun yi gabas, sannan suka karkata kudu zuwa Tanzaniya, har zuwa Zimbabwe. Daga Nuwamba zuwa Maris can take, inda damina ke sauka yayin da nan ake hunturu da rani. Tafiyar dubban kilomita ce, kuma ba da yawan kaɗa fukafukai take yin ta ba: iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa take hawa, ta yi sama tana kewayawa, sannan ta sulala gaba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa tun 1932, ya san ta a can ma. Annabi Irmiya, a sura 8 aya 7, ya kafa hujja da ita a kan mutanensa: tsuntsuwa ta san lokatanta, su kuwa ba su san ka'idar Ubangiji ba. Wadda ya gani babbar 'yar'uwarta ce, fara, mai ratsa ƙasarsu sau biyu a shekara tsakanin Turai da Afirka. Abin da ya yaba mata shi ne sanin lokaci, wato na zuwa da na tafiya duka.

Ga wanda bai san lokaci ba, bege na iya zama ciwo. Akwai mutumin da kullum zancensa shi ne majami'ar dā ta fi zafin ruhu, waƙoƙin dā sun fi daɗi, yaran yanzu ba su san komai ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai Hadishi, sura 7 aya 10, ya hana a riƙa tambayar me ya sa kwanakin dā suka fi na yanzu. Littafin Ƙidaya ya nuna Isra'ilawa a jeji suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, sun manta da bautar da suka sha a can. Ƙwaƙwalwa haka take yi wa kowa: ta riƙe gasasshiyar masara, ta saki ƙyanda da kurkunu da shekarar da rumbu ya ƙare kafin kaka. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa da ya girma ya bar halin ƙuruciya, ya kuma gaya wa Filibiyawa cewa gaba ya sa a gaba. Yesu kansa da mai huɗa ya yi misali a Luka 9:62, kuma duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san yadda kunya ke karkacewa idan ana waiwaye.

Tarihin Kiristocin ƙasar Zazzau ma ya san ƙaura. Zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, sun haɗu da ɗan mishan Dakta Walter Miller a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu ɓarna mai yawa, waɗanda suka tsira suka bar gonaki da kaburburan 'yan'uwansu suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ta tashi daga Zariya zuwa Wusasa. Da sun nace sai Gimi, da wuya a ga malamai da likitoci da fastocin da zuriyarsu ta haifar.

Shamuwa ma takan dawo tsohuwar sheƙa, amma da ƙirare a baki, ta gyara abin da iskar rani ta ɓata, ta yi sababbin 'ya'ya. 'Yan birni kuwa a Kirsimeti suka fi zuwa gida, lokacin da ita tana kudancin Afirka, sai su tarar da bishiya shiru su ce komai ya canza. Wani abin ya canza da gaske: ana sare manyan itatuwa don katako da gawayi, maganin feshi kuma na rage mata abinci. Wanda ke son 'ya'yansa su gan ta sai ya kawo su hutun Agusta, lokacin da ƙananan ke koyon tashi, ya kuma sa baki idan aka zo cinikin tsamiyar ƙofar gidansu.