Koyar Da Kimiyya A Firamare: Kurkuɗu Da Zoɓo Sun Isa Mafari

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin kimiyya a makarantunmu na firamare ya san yadda darasin yakan kasance. Malam ya rubuta a allo cewa ruwa yana zama tururi idan ya ji zafi, yara su maimaita da babbar murya har sau uku, su kwafa cikin littafi, a buga ƙararrawa. Idan aka tambayi dalili, amsar ɗaya ce ko'ina: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki.

Wannan uzuri ya daɗe, amma maganinsa ma ya daɗe. Cikin shekarar 1965 aka yi wani taro a Kano na masana ilmi daga ƙasashen Afirka da Amurka da Ingila, inda aka ƙaddamar da Shirin Kimiyya na Makarantun Firamare na Afirka. Manufar shirin ita ce yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya duba da idonsa, ya yi tambaya, sa'an nan ya nemi amsa ta hanyar gwadawa, da kayan da ke zube a ƙauyensu.

Daga cikin darussan da shirin ya fitar, wanda ya fi shahara shi ne na kurkuɗu, ƙwaron nan mai haƙa ɗan rami kamar mazurari cikin rairayi yana dakon tururuwa. Wani malami mutumin Holan, Jos Elstgeest, wanda ya koyar a Tanzaniya, shi ne ya yi fice da shi. Ka'idar darasin kuwa ita ce duk tambayar da yaro ya kawo, sai a ce masa ya je ya tambayi kurkuɗun. Me yake ci? A jefa masa tururuwa da ƙwayar gero a ga wadda zai kama. Zai yi rami a jiƙaƙƙiyar ƙasa? A zuba masa ita cikin gwangwani a jira. Don me yake tafiya da baya? Kafin mako ya ƙare yaran sun koyi awo da ƙirga da kwatanta abu biyu da rubuta abin da suka gani, ba tare da an kashe kwabo ba. Yaran ƙasar Hausa sun fi kowa sanin wannan ƙwaro, gama da shi suke wasa a gindin katanga, sai dai ba safai yake samun shiga aji ba.

Haka abin yake game da zoɓo. Idan aka raba ruwansa cikin kofi uku, aka matsa lemun tsami a na farko sai jansa ya ƙara haske, aka jefa kanwa ko ruwan toka a na biyu sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore, na uku kuwa a bar shi yadda yake don kwatance. Aikin da takardar gwaji ta kanti ke yi ke nan wajen rarrabe abu mai tsami da mai kanwa. Randar ƙasa ma darasi ce: ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex cikin 2000.

To, me ya hana? Ba rashin tsari a takarda ba ne. Da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta cikin 1976, yara suka yi ambaliya, aka ɗebi malamai da gajeren horo don cike azuzuwa. Da aka shiga tsarin 6-3-3-4 daga 1982, gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Turai don ƙananan makarantun sakandare, amma da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da rashin wanda ya iya harhaɗa su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sayen kaya ba ya koyar da kimiyya. Manufar ilmi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali a manyan garuruwanmu akan sami aji mai yara fiye da 100.

A ganin wannan wakili, babbar matsalar tana wajen horon malamai da kuma jarrabawa. Malamin da shi kansa haddace kimiyya ya yi a kwaleji ba zai so yaro ya yi masa tambayar da babu amsarta cikin littafi ba, don gudun jin kunya a gaban aji. Jarrabawa kuma muddin ma'anar kalmomi take tambaya, to hadda za a ci gaba da yi, domin da sakamako ake auna malami da hedimasta.

Saboda haka ya kamata jami'an ma'aikatun ilmi da masu duba makarantu, idan sun shiga aji, su tambayi gwaji nawa yaran suka yi da hannunsu cikin zangon, kafin su nemi littafin shirin darasi. Ɗaliban kwalejojin ilmi kuwa a wajabta wa kowannensu ya haɗa akwatinsa na gwaji kafin ya fita koyarwar gwaji: batir da ƙwan tocila da guntun waya, madubi, maganaɗisun tsohuwar rediyo, gwangwanaye, da ƙullin kanwa. Ajin da ya cika maƙil a kasa shi ƙungiya-ƙungiya, a fita da shi gindin bishiya, inda ramukan kurkuɗu suke.